Daga Turu Zuwa Takardar Izini

 

Wani dare cikin sanyin bara, mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci a nan Cirozerin, kowa ya naɗe tabarmarsa, sai wata dattijuwa cikin ɗalibaina ta tsaya. Ta jira har fili ya yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ina da magana." Na ce, "Bismilla, Inna." Ta ce ɗan ƙanenta ya komo daga wajen haƙar zinariya a arewa, ba shi da lafiya. Kwana huɗu bai runtsa ba. Yana magana shi kaɗai, ya fasa randa, ya ɗauki wuƙa ya ce ana bin sa. Mazan gidan suka taru suka kama shi, suka ɗaure masa ƙafa da igiyar raƙumi. Yanzu an ba su labarin wani mai magani a wani gari mai nisa, wanda yake karɓar irin waɗannan ya ajiye su a gidansa wata da watanni. Ta ce, "Abin da nake tambaya, Malam, wa ya ba mutumin nan izinin riƙe ɗan mutane? In ya cuce shi, wurin wa za mu kai kuka?"

Tambayar Inna tsohuwa ce ƙwarai. Sarakuna sun yi ta, likitoci sun yi ta, majalisun ƙasashe sun daɗe suna gardama a kanta. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi tarihinta tare, sannu a hankali, yadda muke bin baƙi da wasali.

Yadda kakanninmu suka yi

Kafin zuwan Nasara, babu wani gidan hukuma da ake kai mai taɓin hankali a ƙasashenmu. Gidansu shi ne asibitinsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ciwo ya taso, sai a nemi malam ya yi rubutu da tofi, ko a nemi boka ya kawo saiwa da turare. A Gobir da Maraɗi da Adar akwai ƴan bori masu girka. A nan Abzin kuwa, kun fi ni sani, in aka ce mutanen daji, wato Kel Essuf, sun taɓa mace, sai mata su taru su kafa tende, a yi ta kiɗa da waƙa har ta sami sauƙi.

Masu maganin nan ba su da takarda, amma kada ku ce ba su da mai tsawata musu. A Gobir, Inna ita ce shugabar ƴan bori, a Maraɗi kuma Iya, kuma duk sarauta ce ta fada. Malami an san wurin wanda ya yi karatu. Boka an san uban da ya gada. Izininsu shi ne shaidar jama'a. Wanda ya iya, a san shi. Wanda ya cuci mutane, labarinsa ya riga shi isa kasuwa.

Shari'ar Musulunci ma ba ta manta da wannan bawan Allah ba. Wanda hankalinsa ya gushe ba a yi masa hukunci irin na mai hankali, cinikinsa ba ya ƙulluwa, kuma ana sa masa waliyyi mai tsare dukiyarsa har ya warke. A birnin Alƙahira ta Masar, a 1284, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti, ya ware wa masu wannan ciwo ɓangarensu. Kun ga ke nan Musulmi sun daɗe da sanin cewa ciwo ne, ba laifi ba.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Akwai turu. Yaran yanzu wasu ba su taɓa ganinsa ba: gungumen itace ne mai nauyi, a huda shi, a zura ƙafar mutum, a kulle. Akwai mari na ƙarfe. Akwai bulala, don wasu sun ɗauka aljani suke duka, alhali fatar ɗan Adam ce take tsagewa. Wanda ba shi da dangi kuwa, kasuwa ce gidansa, yara suna bin sa da jifa.

Inda takardar ta fito

To, ina aka samo wannan dabara ta ba da izini a rubuce? A ƙasar Ingila ta fara. Shekara 250 da suka wuce, a birnin Landan, duk wanda ya ga dama sai ya buɗe gida ya riƙa ajiye masu taɓin hankali, danginsu suna biyansa. Sana'a ce mai kawo kuɗi. Sai ƙorafi ya yi yawa. A 1763 majalisar ƙasar ta kafa kwamiti ya saurari mutane. Aka ji labarin waɗanda lafiyarsu ƙalau, amma dangi suka kai su aka kulle don a rabu da su, har da matan aure. Shekara 11 aka yi kafin doka ta fito. A 1774 aka ce duk mai ajiye marar lafiya fiye da ɗaya sai ya karɓi takardar izini, kuma likitoci su riƙa zuwa suna duba gidan.

Dokar nan ta zo da rami biyu, kuma ku riƙe su, don za mu sake gamuwa da su a gaba. Na farko, masu dubawa suna iya rubuta laifin da suka gani, amma ba su da ikon sakin kowa. Na biyu, manyan asibitocin jama'a ba su shiga cikinta ba. A 1815, da majalisa ta sake bincike, sai aka ji labarin wani mutum a asibitin Betlam na Landan da ya yi kusan shekara goma ɗaure cikin ƙarafa. Ashe turu ba namu ne mu kaɗai ba.

Faransa ta yi tata dokar ranar 30 ga watan Yuni, 1838. Ta ce kowace jiha ta tanadi wurin jinya. Ta ce mutum mai zaman kansa ba zai buɗe irin wannan gida ba sai da yardar gwamnati. Ta kuma kafa hanya biyu ta kai marar lafiya: ko dai dangi su nema, da takardar likita a hannunsu, ko kuwa farfe ya ba da umurni in mutum ya zama haɗari ga jama'a. Dokar nan ta rayu shekara 152, sai a 1990 aka canza ta.

Zamanin Nasara

Kuna iya zaton da Faransa ta ci ƙasashenmu ta kawo mana wannan doka. Ba ta kawo ba. Ba a zartar da dokar 1838 a Afirka ta Yamma ba. Kwamanda shi ne wuƙa shi ne nama. In wani ya tayar da hankali a gari, sai gardi su kama shi su kai gidan kaso, ko a jefa shi wani ɗan ɗaki mai ƙyauren ƙarfe a bayan asibiti. Wanda bai dami kowa ba, ba ruwan hukuma da shi.

A Senegal an yi abin da ya fi wannan ban tausayi. Daga 1897 har zuwa lokacin yaƙin duniya na farko, ana ɗaukar marasa lafiya a jirgin ruwa a kai su wani asibiti a birnin Marsai na Faransa. Mutum fiye da 100 aka kai. Ku duba: mai ciwon da yake bukatar muryar uwarsa, an kai shi ƙasar sanyi inda ba mai jin harshensa. Da yawansu can suka mutu. Ba wanda ya tambayi iyayensu ra'ayi. Sai a 1938 gwamnan Afirka ta Yamma da ke Dakar ya sa hannu a kan takardar kafa ma'aikatar kula da masu wannan ciwo. Shekara guda bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, takarda ta kwanta cikin akwati.

Wani abu ya faru a ƙasarmu da yake nuna irin idon da Nasara yake kallon al'amarin da shi. A 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana, waɗanda ake kira Hauka ko Babule. Masu hawansu suna kwaikwayon soja da kwamanda. Kwamandan Yamai bai kira likita ba, bai kira dattawa ba. Ya sa aka kama su, aka yi musu duka, aka kulle. Abin da ya dame shi mulkinsa ne, ba lafiyar kowa ba.

A wajen maƙwabtanmu na Najeriya, Ingilishi sun buɗe gidan masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, da Yaba ta Legas a 1907. A 1916 suka yi doka wadda ta ba likita da alƙalin gwamnati ikon tsare mutum. A Arewa kuwa, yawanci a gidan yari ko a jikinsa ake ajiye su. An ɗan gyara dokar a 1958, kuma da ita Najeriya ta shiga ƴancin kai, ta ci gaba da aiki da ita shekara fiye da sittin. Doka ce ta tsarewa. Ba ta faɗi haƙƙin marar lafiya ba.

Likitoci biyu da suka yi tambaya

A 1952 likitoci a birnin Paris suka gwada wani magani, wanda aka sani da suna Largactil, suka ga yana kwantar da mai ciwon da ya tashi. Wannan ya canza abubuwa da yawa, don wanda jiya sai an ɗaure shi, yau yana iya zama a yi magana da shi. Amma ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Sai da aka sami masu tunani.

Na farko shi ne Dokta Tomas Adeoye Lambo, Bayarabe, mutumin Abekuta. A 1954, a Aro kusa da garinsu, ya yi abin da Nasara bai taɓa yi ba: ya je ya zauna da masu garin ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, ya nemi shawararsu. Ya ce yana so marasa lafiya su sauka a gidajen mutane, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da safe su zo asibiti a ba su magani, da yamma su koma cikin jama'a. Mutanen ƙauye suka ji tsoro da farko, kuma suna da gaskiya, wa zai so a kawo masa mai ciwon hauka cikin gida? Aka yi ta zama. Aka shirya za a biya su kuɗin haya, za a kula da lafiyarsu su ma. Suka yarda. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Sunan Aro ya zaga duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Na biyu Bafaranshe ne, Dokta Hanri Kolom, wanda ya riƙe sashen masu wannan ciwo a asibitin Fan na Dakar daga 1959 zuwa 1978. Shi da abokan aikinsa ƴan Senegal suka sa kowane marar lafiya ya zo da ɗan rakiya daga danginsa, ya kwana tare da shi. Suka kuma kafa taro irin na dandalin gari, wanda Wolof suke kira penc. Marasa lafiya da dangi da likitoci da masu dafa abinci duk su zauna a inuwa guda, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. A ganina wannan shi ne karo na farko a yankinmu da aka ce wa mai ciwon da kansa: kai fa, me ka gani? A 1975 Senegal ta yi dokarta ta kanta a kan wannan jinya.

A ƙasarmu

Mu a Nijar, sunan da kowa ya sani shi ne Pabiyon E na babban asibitin Yamai. Har ya shiga bakin mutane, in wani ya yi wauta sai a ce a kai shi can. Wannan ba'a ba ta da kyau, don tana sa mai ciwo ya ɓuya. Daga baya an horar da ma'aikatan jinya masu sanin wannan ciwo, an tura su manyan asibitocin jihohi. Amma ku auna nisa. Daga nan zuwa Agadas kamar kilomita 70 ne. Daga Agadas zuwa Yamai kusan 1000. Mutumin Iferwan ko Timiya fa? Ciwon nan kuma ba ya jiran ranar kasuwa, da tsakar dare yake tashi.

Wani abu kuma ya canza a ƙasar Abzin. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971, garin Arlit ya tsiro a tsakiyar hamada. Cominak ta biyo baya a Akokan, ta fara aiki a 1978. A nan wajenmu aka kafa Sonichar a 1975 don haƙar gawayin Anu Araren. Mutane suka kwararo daga Tawa da Damagaram da Maraɗi da Doso. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi, suka koro makiyaya bakin gari. Aka yi tawaye sau biyu, daga 1990 zuwa 1995, da kuma daga 2007 zuwa 2009. Ranar 31 ga watan Maris, 2021, aka rufe Cominak, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. Ga kuma ƴan ci-rani da ake korowa daga Aljeriya ta Asamaka, wasu sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ga ƙwayar tiramol a hannun samari.

Me ya sa na jero waɗannan? Don shaidar jama'a, wadda ita ce izinin kakanninmu, tana aiki ne a garin da kowa ya san kowa. A garin baƙi ba ta da ƙarfi. Mutum yana iya sauka daga mota yau, gobe ya kafa allo ya ce shi mai maganin aljanu ne, ba wanda ya san ubansa balle malaminsa. A nan ne takarda take da amfani. A 1997 gwamnati ta yi dokar magunguna wadda ta shigar da masu maganin gargajiya cikinta, ta ce sana'arsu ma tana bukatar yardar hukumar lafiya. A 2008 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta haɗa da masu taɓin hankali. Sai dai sayar da saiwa daban, ajiye ɗan Adam a bayan ƙyaure daban.

Abin da ya faru a Kaduna da Daura

Yanzu ku saurari labarin maƙwabta da kyau, don harshenmu ɗaya, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

A 2003 aka kai wa majalisar dattawan Najeriya shirin sabuwar doka don ta maye gurbin ta 1958. Ya kwanta shekara shida, aka janye shi a 2009. Aka sake kawo shi a 2013, ya sake kwanciya. Ba wanda ya damu.

Sai watan Satumba na 2019. Ƴan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara. Wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, aka samu a birnin Katsina, aka ci gaba da samu a wasu garuruwa. Ana kiransu gidajen mari ko makarantun gyaran hali. An cakuɗa mai taɓin hankali da mai shan ƙwaya da yaron da ya gagari iyayensa, duk ɗaki guda, duk magani guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ba sace mutanen nan aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Har wasu iyayen suka yi fushi da aka rufe gidajen. Kada ku yi saurin zaginsu. Ku tuna da Inna da igiyar raƙumi. A lokacin, likitocin wannan ciwo a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane wajen miliyan 200. Akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, amma ina za su isa? Uwar da ɗanta ya ɗauki wuƙa da dare, ƙofar da ta gani a buɗe ita za ta shiga.

Kunyar abin da aka gani ta taimaka wajen tayar da shirin dokar daga barci. Wani sanata likita daga jihar Kwara, Ibrahim Oloriegbe, ya sake gabatar da shi. A watan Fabrairu na 2020 majalisar dattawa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja. Ga yadda ake irin wannan zama: a yi shela a jarida, a sa rana, duk mai magana ya rubuto ta, ko ya zo da kansa ya faɗa a gaban kwamiti. Likitoci suka zo, ƙungiyoyi suka zo. Majalisa ta gama aikinta a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Janairu na 2023. Shekara 20 ke nan daga ranar da aka fara.

Sabuwar dokar ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Ta faɗi haƙƙin marar lafiya, ta hana ɗaure shi da sarƙa, ta kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, ta tanadi asusu, ta kuma kafa kwamitin da zai duba ƙarar wanda aka tsare. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yaba, amma sun ce har yanzu ta bar ƙofar yi wa mutum magani ba da yardarsa ba. Wannan gardama ce ta gaske, kuma ba ta da sauƙi. Mai ciwo yana da haƙƙi, matarsa da ke kwana ɗaki guda da shi ita ma tana da haƙƙi.

Ni abin da na lura da shi daban ne. Zaman nan an yi shi a Abuja, da Turanci, a rubuce. Manomin Daura da ya sayar da akuya ya biya kuɗin gidan mari, yaya zai ji shelar, balle ya rubuto? An buɗe ƙofa, gaskiya ne, amma an buɗe ta inda mai takalmi ne kaɗai yake iya isa.

Mu muna da wata tsohuwar hanya da ta fi wannan kusa da talaka. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mai jagora, sau da yawa malamin makaranta, yakan tara mutanen gari su saurari shiri a kan wata matsala, su yi muhawara, ya ɗauki muryarsu a faifai ya aika Yamai, a sa a rediyo kowa ya ji. Dattawanku sun san wannan. Shekara guda bayan haka, a 1963, aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, daga baya ta fito da jaridun karkara cikin harsunanmu don manomi da makiyayi su rubuta da hannunsu. Yau ga gidajen rediyon gari, ga salula a aljihun kowa.

In an tambaye mu

Duk ranar da hukuma ta kawo shirin ƙa'ida a kan masu karɓar irin waɗannan marasa lafiya, asibiti ne ko gidan malam ko na ƙungiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan Yamai ya san magani, amma bai san yadda ake neman mota a Tabelot da ƙarfe biyun dare ba.

Na kawo maganar a aji, muka kwana uku muna yin ta. Wani makiyayi ya ce in an ce kowane gida sai da babban likita a ciki kafin a ba shi izini, to an rufe ko'ina ke nan daga Agadas har iyakar Aljeriya, mutane kuma za su koma ɗaurewa a ɓoye cikin bukka, inda ba mai gani. Wata mata ta ce ita ba ta damu da takardar da ke rataye a bango ba, tana so ta san wa zai zo dubawa, sau nawa a shekara, kuma in ya ga mari a ƙafar mutum yana da ikon cewa a kwance yanzu, ko kuwa sai dai ya rubuta ya tafi. Ba ta taɓa jin labarin Landan ba, amma ta sa yatsa daidai cikin ramin 1774. Wani ya ce a rubuta sunan duk wanda aka karɓa da ranar da ya shiga, kuma kada a hana dangi ganinsa ko da rana ɗaya. Ni kuma na ƙara nawa. Na ce duk wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya, a fara kai shi wurin ma'aikacin lafiya ya duba shi, don zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai da sanƙarau suna iya rikita mutum kamar hauka, kuma su suna kisa cikin kwana kaɗan. Mai jego ma tana iya rikicewa bayan haihuwa, kuma tana warkewa in an kula. Farfaɗiya kuwa ba hauka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta miyau.

A dare na uku wani mutum da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu. Ya ce shi ya taɓa yin wannan ciwo yana saurayi, ya yi wata biyu a ɗaure. Ya ce duk abin da ake faɗa a kansa yana ji, har da masu cewa gara ya mutu a huta. Ya ce in za a tambayi mutane, a fara da irinsu. Aji ya yi tsit.

Ɗan ƙanen Inna ba a kai shi gidan mai maganin nan ba. Kawunsa ya sami mota suka tafi Agadas, ya zauna tare da shi har aka sallame su. Yanzu yana gida yana shan maganinsa, limamin unguwa yana zuwa yi masa addu'a, ya fara taimaka wa kawun a garka. Inna kuwa ta ce tambayarta tana nan, don ba kowa ne yake da kawu mai kuɗin mota ba. Ta rubuta ta da hannunta, layi huɗu, ta yi kwana biyu tana gogewa tana sakewa. Sauran ɗalibai goma sha ɗaya suka sa sunansu a ƙasa. Ranar kasuwa mai zuwa za mu kai kwafi ɗaya wurin magajin gari, ɗaya kuma gidan rediyo, a karanta da Hausa da Tamajak.